Yadda za ka raba wa ƙwayoyin furosesa aiki da GCC

Yawancin kwamfutocin da ɗalibai ke riƙe da su a Marwa da Garwa suna da ƙwayoyin furosesa biyu ko huɗu, amma shirin C na yau da kullum ƙwaya ɗaya yake ɗora wa kaya, sauran suna zaune. Rubuta nproc a Linux ka ga nawa gare ka.

Kana iya barin GCC, wato kwampailan da ke mayar da shirin C yaren na'ura, ya raba aikin da kansa: gcc -O2 -ftree-parallelize-loops=4. Kada ka sa rai sosai. Sai ya tabbatar babu zagayen madaukin (loop) da ya dogara da wani kafin ya taɓa shi. Da ya ga manuni (pointer) biyu da za su iya nuna wuri ɗaya, sai ya bar madaukin yadda yake, bai ce maka uffan ba.

Hanyar da ta fi amfani ita ce OpenMP. Sa #pragma omp parallel for a saman madaukin, ka haɗa shirin da -fopenmp. In ka manta -fopenmp, layin #pragma ɗin ya tashi a banza. Haɗarin kuwa shi ne GCC yana ɗaukar maganarka ne kawai, ba ya bincike. Madauki irin a[i] = a[i-1] + b[i] ba ya rabuwa, domin kowane zagaye yana jiran wanda ya gabace shi. In ka tilasta, shirin zai gudu lafiya lau ya ba ka amsar ƙarya. Haka in kana tara jimla: zare huɗu (thread, wato sassan shirin da ke gudu a lokaci guda) za su yi rububin rubutu a gurbi ɗaya, amsa ta riƙa sauyawa. Maganinsa reduction(+:jimla). Ko da shi, lambobin ƙarshe na double kan ɗan bambanta saboda tsarin tarawa ya sauya. Wannan ba kuskure ba ne.

Gudun ma yana da iyaka, kamar yadda Gene Amdahl ya nuna a 1967. In kashi 90 cikin 100 na aikin ne ke rabuwa, ƙwaya huɗu za su ba ka ninki 3 da ɗan ɗori, kuma ko ƙwaya dubu ka samu ba za ka kai ninki 10 ba. Ƙaramin madauki kuwa tada zaren ya fi aikin kansa tsada.

Auna lokaci da omp_get_wtime(), ban da clock(), wanda ke haɗa lokacin dukkan zaren. A zafin Maris da Afrilu furosesa kan rage gudu da kansa in ya ɗau zafi, don haka jona caja, ɗaga kwamfutar daga katifa, ka maimaita awon da OMP_NUM_THREADS, wato yawan zaren, a 1, 2 da 4.