Yadda ake fara sana'ar sayar da inshorar kuɗin jana'iza a Amurka

Wannan rubutu na 'yan'uwa ne dake zaune a Amurka, musamman waɗanda suka gaji da tuƙin Uber ko aikin sito suke tambayata wai yaya ake shiga harkar nan. Inshorar kuɗin jana'iza ƙaramar inshorar rai ce wadda ake sayarwa dattawa, yawanci daga shekara 50 zuwa 85, mutum yana biyan wani abu duk wata, randa ya cika sai kamfani ya bawa wanda ya rubuta sunansa kuɗi, galibi tsakanin dala 5,000 zuwa 25,000. Dalilin da yasa take tafiya kuwa shine mutuwa a ƙasar nan tsada gareta, ƙungiyar masu gidajen jana'iza ta NFDA tace a 2023 matsakaicin kuɗin jana'iza da binnewa ya kai dala 8,300 kuma wannan banda kuɗin filin kabari, ita kuma hukumar Social Security, mai biyan fanshon gwamnati, abinda take bayarwa idan mutum ya rasu dala 255 ne kacal. Duk wanda ya taɓa zama a masallaci a unguwar Bronx ta New York ana zagayawa da kwali ana haɗa kuɗin binne wani ko na kai gawa gida ya san abinda nake nufi.

Kafin ka kashe ko sisi, ka fara warware maganar addini da zuciyarka. Bazan ɓoye maka ba, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen musulmi ta yanke tun 1985 cewa inshorar kasuwanci bata halatta ba, takaful, wato inshorar taimakon juna, suka yarda dashi, akwai kuma malaman da suke sassautawa saboda yanayin zama a irin waɗannan ƙasashe. Kaje wajen malamin da ka yarda da iliminsa ka faɗa masa aikin yadda yake, kar ka rage komai. Ni haka nayi. Wanda ya shiga da ƙulli a rai baya iya kallon idon kwastoma.

Sai lasisi. Kowace jiha da nata dokar, amma tafiyar kusan ɗaya ce: ka kai shekara 18, kana da takardar izinin aiki da lambar soshiyal (ta Social Security), kayi kwas ɗin share fage idan jiharka na buƙata (da yawa awa 20 ne kuma a intanet ake yi), sannan ka zauna jarabawa a cibiyar Pearson VUE ko PSI ko Prometric, ya danganta da wadda jihar ta ɗauka, a mafi yawan wurare maki 70 cikin ɗari ake nema. Jihohi da dama zasu ɗauki zanen yatsunka su binciki tarihinka. Idan ka ci sai ka nemi lasisin ta shafin NIPR, wato rajistar masu sayar da inshora ta ƙasa, zasu baka lamba da ake kira NPN wadda zata bika duk inda kaje. Kar turancin littafin ya tsorataka, maimaita tambayoyin gwaji kawai zakayi ta yi har su zauna. Bayan nan akwai ɗan kwas na yaƙi da halasta kuɗin haram, da inshorar E&O wadda ke kareka idan kayi kuskure a aiki, kamfanoni da yawa basa ɗaukarka sai da su.

Toh yanzu wa zaka yiwa aiki? Anan mutane suke faɗawa rami. Ko dai ka zama ejan na kamfani ɗaya tal, su koya maka su baka sunaye amma kamashonka ƙarami ne kuma kayansu kaɗai zaka sayar, ko ka shiga ƙarƙashin dillalin da ake kira IMO wanda zai haɗaka da kamfanoni da yawa irinsu Mutual of Omaha da Americo da Transamerica da Foresters. Ni na fi son na biyun saboda dattijon da wannan kamfani ya ƙi saboda ciwon suga wani kamfanin zai karɓe shi. Amma dan Allah kafin ka sa hannu ka tambayi abu uku kuma a rubuta maka: kashi nawa ne kamashona, idan na tashi tafiya zaku sakeni nan take, kuma kwastomomin da na kawo nawa ne ko naku. Na farkon da na shiga ban tambaya ba, da naga abin bai yimin ba nace zan tafi suka ƙi sa hannu a takardar saki, wata shida cur na zauna ban iya rubuta komai da waɗannan kamfanonin ba. Kuma duk inda kaje kaji maganarsu tafi karkata kan ka kawo abokanka da 'yan'uwanka su shiga ƙarƙashinka, ba kan yadda zaka zauna da tsohuwa ka fahimtar da ita ba, ka ɗauki takalminka.

Abinda nafi so ka riƙe a duk rubutun nan shine yadda kuɗin yake zuwa. Ace ka sayarwa wata inshorar dala 60 a wata, a shekara dala 720 kenan, idan kamashonka ɗari bisa ɗari ne kamfani zai tura maka na wata tara gaba ɗaya, wato dala 540, cikin 'yan kwanaki, ragowar 180 sai a watanni uku na ƙarshe. Kaga alat ya shigo ranka yayi fari. Ɗan'uwa wannan kuɗin bashi ne. Idan matar nan ta daina biya bayan wata uku, dala 180 kawai ka ci da guminka, 360 zasu cire daga cinikinka na gaba, wasu kamfanonin ma idan abin ya faɗi da wuri duka suke kwashewa, shine ake cewa cajbak, kuma idan ka gudu da bashin sunanka zai shiga rajistar da sauran kamfanoni suke dubawa. A watana na biyu na zauna da wani dattijo tsohon direban babbar mota, yana ta cewa yana so ya barwa jikokinsa abu mai kauri, ni kuma zumuɗi ya ɗebeni na rubuta masa ta dala 110 a wata alhali naga takardun wuta da na haya a tare akan teburinsa. Wata biyu ya biya, na uku banki ya dawo da ita. Ni na ci bashi, shi kuma ya yi asarar dala 220 ya koma bashi da komai, har yau idan na tuna fuskarsa sai naji ba daɗi. Da ta dala 45 na rubuta masa da yanzu tana nan.

Daga nan sai maganar su wa zaka je wajensu. 'Yan'uwa da abokai sati biyu zasu ƙare, dole ka sayi sunayen mutanen da suka nuna sha'awa, 'yan harkar suna ce musu lids. Akwai na gidan waya, katin da dattijo ya cike da hannunsa ya mayar, sunfi tsada amma idan ka tsaya a ƙofa ka nuna masa rubutun hannunsa ba musu. Akwai na Facebook masu sauƙin kuɗi amma sai ka kira da zafi zafi, akwai kuma tsofaffin sunaye da ake sayarwa da arha waɗanda suka dace da koyon baki. Ka ware kuɗin sunaye na aƙalla wata biyu da na mai kafin ka ajiye aikinka, in ma zai yiwu kar ka ajiye, ka fara da yamma da ranar Asabar. Kuma kar ka ɗauki waya kana kiran mutane barkatai, akwai dokar kiran waya ta TCPA da rajistar waɗanda suka ce kar a kirasu, tararta ba wasa bace.

A cikin gidan kwastoma, ka nemi ku zauna a teburin kicin ba a falo gaban talabijin ba. Kar ka fara da farashi. Ace dattijuwa ce, ka tambayeta me yasa ta cike katin, wa zai tsaya mata ranar, ta taɓa binne wani nata. Sai kayi shiru ka saurara, mu da aka rena da zama gaban manya wannan ba sabon abu bane a wajenmu kuma wallahi yana aiki, Ba'amurkiya 'yar shekara 74 idan taga ka bari ta gama maganarta zata buɗe maka ciki. Sannan kace ta kawo magungunanta. Zata shiga ɗaki ta fito da leda ko kwandon roba cike da kwalabe, ka ɗauka ɗaya bayan ɗaya kana rubuta suna da dalilin shansa da tun yaushe, domin wannan inshorar ba'a gwajin asibiti, tambayoyin lafiya ne kawai, amma kamfani yana duba tarihin magungunan mutum a kwamfuta cikin mintuna. Maganin ne zai gaya maka inda zata shiga: mai lafiya daidai gwargwado tana samun wadda ke biya cikakke tun ranar farko, mai matsakaicin ciwo wadda ke biyan wani kaso a shekarun farko, wanda kuma yake kan iskar oksijin ko wankin ƙoda sai wadda ba'a tambayar komai, ita kuma idan mutum ya rasu da ciwo cikin shekara biyun farko kuɗin da ya zuba kawai ake mayarwa da ɗan ƙari. Ka faɗi wannan da bakinka sau biyu, in ɗanta ko 'yarta na kusa su ma suji.

Kar ka taɓa gyara amsar lafiya don takarda ta wuce. Kamfani yana da shekara biyu da zai iya tono komai idan mutum ya rasu, in suka ga ƙarya bazasu biya ba, iyalan suna tsaye a gidan jana'iza ba kuɗi, kai kuma lasisinka ya tafi. Haka biyawa kwastoma watan farko daga aljihunka ko bashi wani abu daga kamashonka, laifi ne a mafi yawan jihohi duk da mu a al'adarmu ihsani muke ganinsa. Idan kuma tana da tsohuwar inshora mai kyau ka barta da abarta, kar ka rusa mata don ka ci kamasho.

Wata dabara ƙarama da take ceton ciniki: ka daidaita ranar cire kuɗi da ranar da kuɗin Social Security ɗinta yake shiga. Wasu ranar 3 ga wata ne, wasu Laraba ta biyu ko ta uku ko ta huɗu gwargwadon ranar haihuwarsu, masu SSI kuma, wato tallafin tsofaffi da naƙasassu marasa ƙarfi, 1 ga wata. Ka tambaya, kar kayi zato, kwana uku tsakani ya isa asusun ya bushe.

Haraji kuma ba wanda zai cire maka, takardar 1099 mai nuna abinda aka biyaka a shekara zasu baka, akwai kashi 15.3 na mai aikin kansa banda harajin kuɗin shiga, kuma sau huɗu a shekara ake biya. Ka buɗe asusu daban, duk alat da ya shigo ka zuba wani kaso na haraji da wani na cajbak, ka kuma riƙa rubuta mil ɗin da ka tuka kullum.

Idan takardar inshorar ta fito, in da hali ka koma gidan da kanka ku karanta tare, ka nuna mata kwanakin da doka ta bata na fasawa a mayar mata da kuɗinta, ka duba an rubuta sunan magajin, wato wanda za'a bawa kuɗin, daidai harafi da harafi, ka sa a ƙara na biyu ko da na farkon ya rigata. Ka karɓi lambar magajin ka kirashi a gabanta ya san da zancen kuma ya ajiye lambarka, sannan ka tambayeta inda zata ajiye takardar ka gani da idonka. Bayan cirewar farko da ta biyu ka buga mata waya kaji ko komai ya tafi daidai.