Yadda na gyara gugar taya a akori-kurata

Son ganin mota ta yi tsayi ne ya ja mini. Akori-kurata ta zo daga kamfani da taya 265/70R17, ni kuwa na sa mata 285/70R17, ina ganin tunda 17 ɗin ɗaya ne, shi ke nan. Da na murɗa sitiyari har ƙarshe sai na ji ƙurrr! Na leƙa, tayar gaba ta goge robar madgad har ta yi sheƙi.

Sai da na zauna da biro na gane lambobin. 265 faɗin taya ne a milimita, 70 tsayin gefenta ne, wato kashi 70 cikin ɗari na faɗin, 17 kuma girman rim (ƙarfen da ake sa taya a kai) a inci. Tsohuwar tayar tsayinta inci 31.6, sabuwar 32.7. Shi ya sa agogon gudu ma ya koma ƙarya: yana nuna 100, motar tana kusan 103.

Abin da ban taɓa dubawa ba shi ne faɗin rim. A bayansa aka buga 17x7J, inci 7 ke nan, alhali 285 tana son aƙalla 7.5. Dole gefenta ya kumburo.

Na mayar da tayoyin 285 ɗin, na karɓi 255/75R17. Ta ɗan fi ta asali tsayi, inci 32, amma siririya ce, ta zauna daram. Lambar ɗaukar kaya kuma na tabbatar ba ta gaza wadda ke takardar jikin ƙofar direba ba. Na murɗa hagu, na murɗa dama, shiru.