Yadda Ake Lissafin Nisa da Awannin Tafiya Tsakanin Filayen Jirgin Sama Biyu

Tikiti yakan nuna ƙarfe nawa za a tashi da ƙarfe nawa za a sauka, amma wanda ya cire wannan daga wancan ya ce awannin tafiyarsa ke nan, sau da yawa ya yi kuskure. Mu ɗauki Landan zuwa New York mu bi lissafin daki-daki.

Da farko ka tantance filin jirgin, ba sunan birnin kawai ba. Kowane fili yana da lambarsa ta haruffa uku: Heathrow na Landan LHR, Kennedy na New York JFK. Ka duba da kyau, don Newark ma ana lissafa shi a filayen New York alhali a jihar New Jersey yake.

Na biyu, ka nemo nisan. Sa haruffan nan a shafukan intanet masu auna nisan jirgi, za su ba ka kusan kilomita 5,540. Ka lura da ma'aunin, domin matuƙa jirgi da mil na teku suke aiki, kowane ɗaya kilomita 1.852. Kada kuma taswirar bango ta ruɗe ka. Duniya a dunƙule take, saboda haka idan ka ja zare a kan ƙwallon taswira daga Landan zuwa New York, za ka ga ya karkata arewa ya bi ta gabashin Kanada. Wannan lanƙwasar ita ce hanya mafi kusa.

Na uku, raba nisan da gudun jirgi. Manyan jiragen fasinja suna cin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Raba 5,540 da 850, ka samu awa shida da rabi, sai ka ƙara kamar rabin awa na tashi da sauka.

Sai iska, wadda a ganina ita aka fi mantawa. Can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa New York gaba da gaba yake da ita, yakan kai awa takwas. Mai dawowa kuwa tura shi take, bakwai ta ishe shi. A Fabrairun 2020 ta ingiza wani jirgin British Airways daga New York ya isa Landan cikin awa 4 da minti 56.

Yanzu koma kan tikitin. Kowane lokaci da agogon garin da abin ya faru aka rubuta shi. Landan tana gaban New York da awa biyar a mafi yawan shekara. In an tashi ƙarfe 10 na safe aka sauka ƙarfe 1 na rana, ba awa uku ba ne, takwas ne.

Abin da lissafi ba zai gaya maka ba shi ne hanyar da aka rufe. Tun 2022 jiragen Turai da dama suke kauce wa sararin samaniyar Rasha, har tafiyar Landan zuwa Tokyo ta ƙaru da kusan awa biyu. In kuma akwai yada zango, ka lissafa kowane ɓangare daban, sannan ka haɗa da zaman jira, kana lura da agogon garin da za ka yada zangon.