Zazzaɓin da ya ƙi sauka: kurakuran da ake yi wajen gwajin ɓargo

Idan zafin jiki ya riƙa haura digiri 38.3 har sama da mako 3, aka yi ta bincike ba a gano dalili ba, likita kan ce a ɗebi ɓargo a duba. Sankarar jini, tarin fuka da ya bazu a jiki, taifot, duk suna iya ɓuya a can. Sai dai sau da yawa aikin ya riga ya ɓaci tun daga gida.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne sayen prednisolone ko dexamethasone a kemis. Majinyaci zai sha, zazzaɓi ya kwanta, har ya nemi tuwo, 'yan uwa su yi hamdala. Amma magungunan nan suna narkar da ƙwayoyin limfoma, wato sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki, na ɗan lokaci, sai a ɗebi ɓargo a ga kamar lafiya lau, alhali cutar tana nan. Kada a ba shi sai da izinin likita. In an riga an sha, a kawo kwalin, a faɗi ranar da aka fara. Haka ma a faɗa wa likita in ana shan asfirin ko sauran magungunan tsinka jini.

Sai tsoro. Na sha jin dattijo ya hana a taɓa ɗansa, wai za a huda masa laka ya shanye. Allurar ba ta kusantar laka. Daga bayan ƙashin ƙugu ake ɗiba, bayan an kashe wurin, kuma da wuya a wuce rabin awa.

Wasu kuma sun dogara da gwajin Widal na gano taifot, a yi maganinsa sau uku, huɗu, watanni na tafiya. Wannan gwaji yana yawan yaudara.

A ba likita labari cikakke. Ɗanyen nonon da ba a tafasa ba yana kawo burusela, cutar dabbobi mai sa wa mutum zazzaɓi mai daɗewa. Wanda ya zauna a yankin Gadarif na Sudan, saifarsa ta kumbura, dole a tuna da kala'azar, cutar da ake ɗauka ta cizon wani ɗan ƙuda, kuma ana ganin ƙwayarta a ɓargo.

Ma'aikatan lafiya ma suna da nasu. Zuƙo ruwan ɓargo kaɗai ba ya isarwa, a haɗa da ɗan guntun ƙashin. Abin da za a kai don rainon ƙwayoyin cuta kuwa kada ya shiga fomalin, ruwan da ake adana nama a ciki, domin yana kashe su. A kuma shaida wa dangi tun farko cewa rainon ƙwayar tarin fuka yakan kai mako 6 zuwa 8, kada su ɗauke majinyaci su koma gida kafin sakamako ya fito.