Cakulan Shafawa a Kasuwar Romaniya: Inda 'Yan Kasuwa Suke Tafka Kuskure

Duk wanda ya shiga manyan shaguna irin su Kaufland ko Lidl ko Mega Image a Bukares, babban birnin Romaniya, zai tarar da kanta guda cike da kwalaben cakulan shafawa. Ga Nutella, ga Finetti na kamfanin Chipita da Mondelez ya saye a 2022, ga kuma wanda kowane shago ya liƙa wa sunansa yana sayarwa da sauƙi. Yaran ƙasar sun tashi da clătite, wata siririyar wainar fulawa da ake shafa wa cakulan a naɗe ta kamar tabarma. Kasuwa tana ci, ba shakka. Abin da ke karya mai shigo da kaya ko mai sarrafawa yana can nesa da kantar.

Babban kuskure shi ne a ɗauki kwalbar a matsayin kaya guda. Juya bayan Nutella ka karanta: sukari ne kan gaba, sai tataccen manja, sai ƙwayar hazal kashi 13 cikin 100, garin madara kashi 8.7, garin koko kashi 7.4. Kaya biyar ke nan, kowanne da ƙasarsa da daminarsa da rigimarsa. Wanda ya yi wa shago alkawarin farashi ɗaya na shekara guda bai ɗaure farashin waɗannan ba, ya sayi biri a sama. Gyaran shi ne a raba lissafin kowane sinadari daban, a kuma sa sharaɗi a yarjejeniya cewa in hazal ko koko ya haura wani mizani, za a sake zama.

Hazal ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Ƙwaya ce mai kwasfa da ake samu a jikin itace, ta ɗara gyaɗa girma kaɗan, kuma kusan kashi biyu bisa uku na abin da duniya ke nomawa daga Turkiyya yake fitowa, daga tuddan gaɓar Bahar Aswad irin su Ordu da Giresun. Mutane kan kalli taswira su ce ai daga can zuwa tashar jiragen ruwa ta Constanța a Romaniya tsallaken teku ɗaya ne, kaya ba zai yanke ba. Kusanci ba ya hana sanyi sauka. A ƙarshen Maris na 2014 sanyi mai daskarar da raɓa ya ƙone amfanin tun yana toho, farashi ya ninka. A shekarar ne Ferrero, kamfanin da ke yin Nutella, ya saye Oltan, babban kamfanin hazal na Turkiyya, domin ya riƙe nasa rabon tun daga tushe. A Afrilun 2025 irin wannan sanyi ya sake dawowa. To, kai ƙaramin mai saye, ka tuna cewa Ferrero shi kaɗai yana kwashe wajen kashi ɗaya bisa huɗu na hazal ɗin duniya. Ranar da kaya ya yi ƙaranci, kai ne na ƙarshen layi.

Wasu suna ganin sun yi dabara in sun ƙara dillali a Jojiya. Ai Jojiya gaɓar teku ɗaya suke da Turkiyya, kuma wani ƙwaro mai wari da ya yi wa gonakinta ɓarna daga 2016 ya tsallaka maƙwabta. Raba ƙafa na gaske shi ne a haɗa da Italiya ko Azarbaijan, ko a leƙa jihar Oregon ta Amurka, ko Cile da ke girbi wajen Maris da Afrilu, lokacin da na Turkiyya, wanda ake tsinka a Agusta, ya kwana biyu a rumbu. Kuma kada a saka hannu a kan farashi kafin a ga yadda aka fita daga sanyin bazara, a kuma ji farashin da hukumar hatsi ta Turkiyya, TMO, ta yanka.

Akwai kuma masu karɓar kaya ba takardar gwaji. Hazal da ba ta bushe sosai ba tana yin funfuna mai guba, wato aflatoksin, irin wanda muka sani a gyaɗa. Tarayyar Turai, wadda Romaniya ta shiga a 2007, tana tare irin wannan kaya a kan iyaka. A nemi sakamakon gwaji na kowane lodi kafin a biya kuɗi.

Koko kuwa, daga makwabtanmu yake zuwa. Kodebuwa da Gana, dazuzzukan da kakanninmu suka yi ta zuwa fataucin goro, su ke ba da fiye da rabin na duniya. Ciwon da ke kumbura rassan itacen, da rikicewar damina, da haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba da ake kira galamse sun taru sun kai tan guda sama da dala 12,000 a kasuwar New York a Disambar 2024. Wanda ya ce koko kaɗan ne a kwalba bai kamata ya damu ba, ya ji a jikinsa. Haka manja: Indunusiya ta rufe fitar da shi na 'yan makonni daga ƙarshen Afrilun 2022, daidai lokacin da yaƙin Yukiren ya rikita man furen rana da ake sa ran a koma gare shi. Ga dokar Turai ta 2023 a kan sare dazuzzuka, wadda ta shafi koko da manja. An ɗage fara aiki da ita, amma ɗagewa ba sokewa ba ce, gara a fara tambayar dillali shaidar gonar da kayansa suka fito tun yanzu.

A cikin gida ma akwai tarko. Daga Janairun 2024 gwamnati ta ɗaga harajin VAT na abinci mai yawan sukari daga kashi 9 zuwa 19, a Agustan 2025 babban mizanin ya koma 21. Sannan kai da yuro ko dala kake saye, da leu, kuɗin Romaniya, kake sayarwa, yuro ɗaya kuwa ya haura leu 5 a Mayun 2025. Tsohon lissafi a nan asara ce a rubuce.

Wani kuma da yakan ba ni dariya, duk da ba abin dariya ba ne, shi ne rubutun jikin kwalba. A harshen Romaniya, kalmar alune tana iya nufin hazal, tana iya nufin gyaɗa. Hazal ita ce alune de pădure, ta daji. Gyaɗa kuwa arahide ko alune de pământ, ta ƙasa. Mai fassarar da ya rubuta alune ya tsaya ya bar ƙofa a buɗe ga wanda jikinsa ba ya karɓar ɗayansu, alhali doka ta wajabta a bayyana irin waɗannan ɓaro-ɓaro. A ba ɗan ƙasa ya duba kafin a buga.

A kuma duba kalandar coci kafin a cika sito. Yawancin mutanen ƙasar Kiristoci ne 'yan Otodoks, suna da azumin kwana 40 daga 15 ga Nuwamba zuwa Kirsimeti, da wani dogo kafin Ista, inda masu kiyayewa suke ƙaurace wa nama da ƙwai da madara, suna neman kayan da aka rubuta wa de post, wato na azumi. Cakulan mai garin madara ba ya cikinsu. Mai sarrafawa da ya tanadi nau'in da babu madara yana da abin ɗorawa a kanta a waɗannan makonni, kafin biki ya zo a koma ga na asali.