In kai ka fara isa wajen hatsarin mota, ga abin yi kafin motar asibiti ta iso

A titunanmu in hatsari ya faru ba likita ne ke fara zuwa ba, ba kuma 'yan rod sefti ba. Ɗan acaɓa ne, mai shayin bakin titi, fasinjojin motar da ke biye, da mutanen ƙauyen da suka ji ƙara suka baro gona. Kuma gaskiya mutanenmu ba su da ƙyashin taimako, kafin ka ce kwabo wuri ya cika, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, wani na ihun a kawo ruwa. To matsalar a nan take, irin taimakon. Da yawa hatsarin bai kashe su ba, ɗaukar da aka yi musu ce ta ƙarasa su ko ta bar su a kwance har ƙarshen rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, kuma hatsarin titi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato yaranmu da samarinmu.

Farko ka tsira da kanka tukuna. Ka faka motarka nesa kaɗan, a gefen titi sosai, ka kunna fitilun nan masu walƙiya biyu, ka tura mutum biyu ɗaya gaba ɗaya baya su sa si-koshin ko ganye kamar taku hamsin zuwa ɗari, in a kwana ne a sa kafin kwanar ba a cikinta ba, don hatsari na biyu da tirela ke haurowa kan 'yan ceto ya sha fin na farko muni. A kashe motar da ta yi hatsarin a zare makulli. Kowa ya kashe sigari. In kuwa tanka ce ta faɗi ka ji warin fetur, malam babu wani aikin ceto da ya wuce ka kori mutane su yi nisa, nisa sosai. Ba mu manta Majiya ba a ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka tafi, yawancinsu ɗibar mai suka je yi da jarkoki. Wata uku kacal bayan nan aka maimaita a mahaɗar Dikko kusa da Suleja. Tururin fetur shi ke kamawa, ya fi iska nauyi yana bin ƙasa yana sauka cikin kwalbati, tartsatsi ɗaya daga janareto ko salansar babur ya isa.

Sai kira. A Najeriya 122 lambar rod sefti ce, 112 kuma ta gaggawa ce ta ƙasa baki ɗaya, duka kyauta ne ko ba ko sisi a wayarka. A Nijar 18 ce ta 'yan kwana-kwana, Ghana ma 112 na aiki. Kar ka ce "wani ya kira", wani ba zai kira ba, kowa ya ɗauka wancan ya kira. Nuna mutum ɗaya da yatsa, kai mai jar hula, kira 122 ka dawo ka faɗa min me suka ce. Kuma a ba su kwatance mai amfani: wace hanya, bayan wane gari, kusa da wane gidan mai ko gada, hannun masu zuwa ina, mutum nawa, akwai wanda ya maƙale a mota ko wuta. Wani lokacin layin ba zai shiga ba, wannan kowa ya sani, a ci gaba da gwadawa amma kar aiki ya tsaya jiransa.

Wa za a fara da shi? Ba mai ihu ba. Mai ihu yana salati yana kiran sunan ɗansa, wannan numfashinsa na fita, ƙwaƙwalwarsa na aiki. Wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro, sai kuma wanda jini ke tsartuwa daga jikinsa. Ka ɗaga murya ka ce duk wanda zai iya tafiya ya tashi ya koma gindin bishiyar can, nan take ka rage taro ka ga su wa suka rage a ƙasa.

Yanzu jini, a nan zan ɗan daɗe don shi ne abin da hannunka zai iya tsayarwa da gaske. Jinin babban mutum duka-duka wajen lita 5 ne, in babbar jijiyar cinya ta tsinke cikin 'yan mintuna zai iya ƙarewa, babu motar asibitin da za ta riske shi. Ka sa safar hannu in akwai, in babu zura hannunka cikin leda, ko ta fiya-wata ce, saboda ciwon hanta da ƙanjamau ba a ganinsu a fuska. Yage rigar ka ga inda jinin ke fitowa da idonka. Ɗauki tsumma mafi tsabta da ke kusa, rawani, ɗankwali, mayafi, singileti, ka dunƙule ka ɗora a kan ramin ka danna da hannu biyu da nauyin jikinka, ba shafawa ba, dannawa, har sai ya yi ƙara don zafi. Ka riƙe aƙalla minti goma ba ɗagawa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne leƙawa, bayan minti ɗaya a ɗaga a ga ko ya tsaya, to duk ɗagawa kana fasa gudan jinin da ya fara haɗuwa ne. In tsumman ya jiƙe ɗora wani a kansa ka ci gaba. In ramin mai zurfi ne a cinya, matsematsi ko hammata, cusa tsumman ciki da yatsa har ya cika sannan ka danna.

In a hannu ne ko ƙafa kuma dannawa ta gaza, ko gaɓar ta guntule, sai ɗauri. Nemi ƙyalle mai faɗi kamar yatsu uku, ba igiya ba, ba waya ba, ba robar tayar keke ba, waɗannan yanka nama suke. Zagaya shi sama da ciwon da kamar santimita 5 zuwa 7, ta ɓangaren jiki, kar ya hau kan gwiwa ko gwiwar hannu. Ƙulla sau ɗaya, ɗora sifana ko ɗan ƙarfe ko sanda mai ƙwari, sake ƙullawa a kansa, sai ka yi ta murɗawa har jinin ya ɗauke gaba ɗaya, sannan ka ɗaure sandar kar ta warware. Zai yi zafi ƙwarai, zai roƙe ka ka sassauta, kar ka sassauta. Ɗauri sako-sako ya fi rashinsa illa don yana tare hanyar komawar jini ya bar ta fitowa a buɗe. Duba agogo ka rubuta lokacin da biro a goshinsa ko a kan ƙyallen, likita zai tambaya, kuma shi kaɗai ke kwancewa. Gaɓar da ta guntule a naɗe ta a tsumma mai tsabta a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kar naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye.

Ƙarfe ko gilashi da ya soke ya tsaya a jiki, bar shi a wurin. Shi ya toshe ramin. A tallafe shi da tsumma ta kowane gefe kar ya motsa. Kuma don Allah kar a zuba ƙasa, toka, garin magani, baƙin mai ko fetur a ciwo.

Shi kuma wanda ya yi shiru, durƙusa ka dafa kafaɗarsa ka yi masa magana da ƙarfi. Bai amsa ba, kawo kuncinka kusa da hancinsa kana kallon ƙirjinsa, daƙiƙa goma. In yana numfashi amma da minshari ko gargara, harshe ne ko jini ke tare maƙogwaro, sa yatsunka bayan muƙamuƙinsa ta gefe biyu ka turo haɓar gaba ba tare da ka lanƙwasa wuyan ba, abin da kake gani a baki ka cire, wanda ba ka gani kar ka lalube. In amai ya taso ko dole ka bar shi ka je kan wani, a juya shi ya kwanta ta gefe, mutum ɗaya na riƙe da kai, a juya kai da kafaɗa da ƙugu lokaci guda. In babu numfashi sam, ko sai wata shaƙuwa jefi-jefi, kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji ɗayan a kai, miƙe gwiwar hannu, ka danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a daƙiƙa. Wanda ya koya zai iya hura iska sau 2 bayan kowane dannawa 30, wanda bai koya ba ya yi ta dannawa kawai, ana canjin hannu duk minti biyu don akwai gajiya. Haƙarƙari na iya karyewa, ci gaba. Ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska, shi ya sa ba a jira. Wannan dannawar ta fi cin nasara ga wanda ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa ko aka tsamo a ruwa fiye da wanda jininsa ya ƙare a hatsari, amma dai a yi.

Wuya da baya. Lakar da ke cikin ƙashin baya in ta tsinke ba ta ɗinkuwa, mutum na iya karya ƙashin wuya lakar na nan lafiya, sai 'yan taimako su fizgo shi ta taga, kai na reto, shikenan an shanye shi daga wuya zuwa ƙasa. Duk wanda ya suma, ko yake kukan wuya ko baya, ko ya ce ƙafarsa ta mutu ko yana jin kamar tururuwa na bin hannunsa, ɗauke shi a matsayin mai karayar baya. In yana cikin mota yana numfashi, ba wuta ba ruwa, a bar shi a kujerarsa wani ya shiga ta baya ya riƙe masa kai da hannu biyu. In dole ne a ɗauka, a samu ƙyaure ko faffaɗan katako ko benci, mutum huɗu, na wajen kai shi ke ba da umarni. Ɗan babur mai hular kwano kar a cire masa sai in ta hana shi numfashi ko yana amai. Ni a ganina akori-kura ko bayan Hilux inda zai miƙe sambal ya fi a naɗe shi a kujerar adaidaita sahu ko a sa shi tsakiyar mutum biyu a babur, ko da za a ɗan ƙara jira.

Batun ruwa kuwa sai an yi da gaske, don tausayi ne ke sa mutane. Zai ce ƙishirwa yake ji, gaskiya ne, zubar jini na kawo ƙishi, amma kar a ba shi ruwa, kar a ba shi madara ko lemo, balle a ɗura wa sumamme. Zai iya shaƙewa ya tafi huhu, kuma wataƙila tiyata za a shiga da shi, ciki da abinci matsala ne wajen allurar barci. Jiƙa masa leɓe kawai. Sheƙa masa bokitin ruwa don ya farfaɗo shi ma a daina, jiki in ya yi sanyi jini ba ya daskarewa da kyau, rufe shi ma ya kamata a yi da zani ko babbar riga ko da rana ake. Inda ruwa ke aiki shi ne ƙuna: a yi ta kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, rigar da ta manne a bar ta, ba ƙwai, ba man goge baki, ba gishiri, ba manja.

Masu ɗaukar bidiyo, ku ji tsoron Allah, uwa ta ga gawar ɗanta a Facebook kafin a sanar da ita. Wayar nan kunna tocilanta ka haska wa mai danna ciwo.

Wane asibiti? Wanda ke da ɗakin tiyata da jini, ko ya ɗan fi nisa, irin Murtala ko Malam Aminu Kano ko na ƙashi na Dala in a Kano ne, Shika in a Zariya ne, babban asibitin gari in a ƙauye ne, ba kemis ba. A yi sauri don akwai allura mai suna tranexamic acid da ke rage mutuwa daga zubar jini, babban binciken da aka fitar a 2010 kan majinyata sama da dubu 20 a ƙasashe 40, har da Najeriya, shi ya tabbatar da ita, kuma amfaninta cikin awa uku na farko ne. Da isarka emajensi faɗa wa nas a taƙaice: ƙarfe nawa abin ya faru, ya suma ko bai suma ba, ƙarfe nawa aka yi ɗauri.

Tsoron "kawo rahoton 'yan sanda" ko "ajiye kuɗi tukuna" shi ke sa wasu wucewa, to ku san doka. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa, hukuncin tarar naira dubu 100 ne ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba ta ce a yi musu magani ko da takardar 'yan sanda ko babu, ta kuma ce kar a tsangwami wanda ya kawo su. Akwai kuma shirin NEMSAS da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2022, aka fara da Abuja ana faɗaɗawa zuwa jihohi, wanda ke ɗaukar nauyin motar asibiti da maganin awa 48 na farko a asibitocin da ke cikin tsarin, ka tambaya ko asibitin na ciki. A aikace za ka iya haɗuwa da mai taurin kai a kanta, kar ka tsaya cacar baki da shi, nemi likitan da ke bakin aiki ko shugaban sashen.

'Yan uwa in sun iso, masu lafiya su shirya ba da jini, shi ake nema ba cika baranda ba. Kuma kar a sa hannu a ɗauke mai karaya a kai wa maɗori tun ba a yi hoto ba, musamman in ƙashi ya huda fata, ɗaurin kara da aka tamke a kan kumburi shi ke sa hannun yaro ya yi baƙi a dawo asibiti a yanke. Wanda ya bugu a ka ya tashi garau shi ma a sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu, in ya fara amai, barci mai nauyi, ciwon kai mai ƙaruwa ko sambatu, a koma da shi a daren.

A but ɗin motarka ajiye safar hannu, bandeji manya guda huɗu ko biyar, almakashi, tocila, biro da tsohon zani mai tsabta. Dannawar ƙirji da murɗa ɗauri kuma sai an gwada da hannu ake iyawa, Red Cross na koyarwa a rassanta na jihohi, ga 'yan agajin Izala da na Jama'atu da Fityanu a kusan kowace unguwa, shugabannin tasha da na 'yan acaɓa su gayyato su ranar da ba kasuwa a koya wa direbobi da kwandastoci.