Kurakuran da ke lalata binciken kutse a gajimare

Na gaji da ganin abu ɗaya. An yi wa kamfani kutse a sabar da ke gajimare, wato kwamfutar da yake haya ta intanet a cibiyar wani kamfani, mai kula da ita ya firgita ya goge ta, ya tada sabuwa, sannan aka kira mu masu binciken kutse. To me za mu bincika? A AWS, gajimaren kamfanin Amazon, in ka rushe sabar da suke kira EC2, babban faifanta yakan bi ta, sai dai in an canza saitin tun farko. Abin da ke cikin RAM kuwa, wato ma'ajiyar wucin gadi ta na'urar, kashewa kaɗai ya isa ya share shi. A ofis kana iya ɗauke kwamfuta ka kulle a kabad. A nan babu ƙarfen da za ka riƙe, kuma Amazon ba za ta buɗe maka ƙofar cibiyarta ba. Ni barinta nake yi a kunne, in toshe mata shiga da fita ban da hanyata, in kwashe RAM, in ɗauki kwafin faifan, in kai wani asusu da ɓarawon bai taɓa ba. Bayan nan in kun ga dama ku rushe.

Na biyu ya fi ba ni haushi: zaton cewa komai a rubuce yake. Wa ya gaya muku? Tarihin CloudTrail, rajistar da AWS ke rubuta abin da aka yi a asusu, kwana 90 kawai yake ajiyewa, kuma ba ya nuna wanda ya sauke fayil daga ma'ajiyar fayiloli ta S3 sai an kunna wannan da gangan. A 2023 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta gano kutsen da ƙungiyar Storm-0558 ta yi mata ne domin tana biyan kuɗin rajistar Microsoft mai tsada. Bayan surutu ya yi yawa Microsoft ta faɗaɗa wa sauran. Amma ku, saboda tsoron kuɗin ajiya, kun bar komai a kashe, ranar da abu ya ɓaci kuna so mu yi duba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kunna yau, ku tura rajistar inda ko shugaban sashe ba zai iya gogewa ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Rajistar tana tafiya ne da agogon UTC na bai ɗaya na duniya, Najeriya da Nijar suna gaba da awa ɗaya, kada ka ɗora wa ma'aikaci laifi da lissafin da bai daidaita ba. Canza kalmar sirri ba ya korar wanda ya riga ya shiga, sai an soke mabuɗan wucin gadi. Lambar SHA-256 ta kowane fayil kuwa, wadda ke nuna ba a sauya shi ba, ina rubuta ta a littafi da biro, da lokaci da sunan wanda ya karɓa, domin in an je kotu lauyan ɗaya ɓangaren nan zai fara tambaya.